Bulubel ɗan gida ko na Sifaniya: wanne za ka binne a lambunka?

Daga Satumba zuwa Nuwamba shagunan kayan lambu a Birtaniya cike suke da ƙananan jakunkuna na albasar furanni, irin wadda ake binnewa kafin sanyi ya kankama, ta kwana a ƙasa duk hunturu, sai gari ya fara ɗumi ta fito da fure. A cikinsu akwai wadda hotonta kan tsayar da mutum: shuɗayen furanni masu siffar ƙararrawa, jere a jikin kara ɗaya. Turawan Ingila bulubel suke ce masa, wato shuɗiyar ƙararrawa. Kafin ka miƙa hannu ka ɗauka, ka sani sunan ɗaya ne amma tsiro uku ke amsa shi, kuma biyu daga cikinsu in sun shiga lambunka, fitarsu sai an yi da gaske.

Na farko shi ne ɗan gida, wanda masana ke kira Hyacinthoides non-scripta. Asalinsa yammacin Turai ne, daga arewa maso yammacin Sifaniya har tsibiran Birtaniya, kuma ana ƙiyasta cewa abin da ke Birtaniya kaɗai ya kusa rabin duk wanda ke duniya. Shi ne ke shimfiɗe ƙasan kurmi da shuɗi a watannin Afrilu da Mayu, kafin manyan itatuwa su gama mayar da ganyensu su tare rana. Na biyu baƙo ne, Hyacinthoides hispanica, ɗan Fotugal da yammacin Sifaniya, wanda aka shigo da shi lambunan Ingila tun wajen ƙarshen ƙarni na 17, aka kuma fara ganinsa ya tsallake katanga yana tsira da kansa a 1909. Na uku ruwa biyu ne, abin da aka samu da ƙudan zuma suka riƙa ɗaukar garin furen wannan suna kai wa wancan. Sunansa Hyacinthoides × massartiana, an fara rubuta ganinsa a daji a 1963, kuma yawancin abin da mutane ke nunawa a lambunansu suna cewa na Sifaniya ne, a gaskiya shi ne.

In aka ce tsiro yana mamaya, tambayoyi biyu ne ake cusawa a kalma ɗaya, kuma amsoshinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko: zai cinye mini fangali, ya hana sauran shukata sakat? Ta biyu: zai tsere daga gidana ya ɓata dajin ƙasar? Mutane da yawa sun tone lambunsu kaf saboda tsoron ta biyun, alhali ta farkon ce ta fi tabbata a kansu. Wasu kuma sun ji an ce masana sun sassauta a kan ta biyun, sai suka ɗauka an wanke baƙon daga komai, suka shuka, yanzu suna cizon yatsa.

Yadda za ka gane su

Kama da wane ba ta wane, amma sai ka durƙusa. Ɗan gida kansa a sunkuye yake. Furanninsa duk a gefe ɗaya na karan suke rataye, nauyinsu ya lanƙwasa shi kamar sandar tsoho. Kowace ƙararrawa siririya ce, doguwa, bakinta ya naɗe baya sosai, launinta shuɗi mai duhu da ya ɗan karkata zuwa shunayya. Ganyensa siriri ne, da wuya faɗinsa ya wuce santimita ɗaya da rabi. Kuma yana da ƙamshi, wanda ka fi ji a rana mai ɗumi da iska ta kwanta.

Na Sifaniya a tsaye yake ƙyam, furanni sun zagaye karan ta kowane ɓangare. Ƙararrawar a buɗe take, bakinta ya baje bai naɗe ba, shuɗinta a koɗe, kuma akwai fari da mai ruwan hoda. Ganyen mai faɗi ne da kauri, yakan kai santimita uku. Ƙamshi kuwa kusan babu. Abin da ya fi raba gardama shi ne garin furen: ka ɗaga ƙararrawar da ba ta jima da buɗewa ba ka leƙa ciki. In garin fari ne mai ruwan madara, alamar ɗan gida ce. In shuɗi ne, baƙo ne. Sai dai a sabon fure za ka duba, don wanda ya kwana biyu ya riga ya zubar da garinsa, komai na ciki ya koɗe, sai ya ruɗe ka.

Ruwa biyun ne ke sa mutum zufa. Ya ɗauko nan ya ɗauko can: ka ga kara mai ɗan sunkuyo amma ganye mai faɗi, ko ƙararrawa mai naɗaɗɗen baki amma garinta shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Har masana da kansu sukan yi saɓani a kan tsiro ɗaya sai an kai shi gwajin ƙwayoyin halitta. Ni ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce: in bulubel yana lambun gidan birni, ba ni na shuka shi ba, kuma alama ɗaya tak ta saɓa wa ta ɗan gida, to a ruwa biyu nake lissafa shi. Fari ko mai ruwan hoda ma haka, duk da cewa jefi-jefi akan samu farin ɗan gida na gaskiya a kurmi.

A cikin fangali

A nan ne bambancin ya fi fitowa, kuma a nan ne na sha tawa. Na gāji wani ɗan fangali a gindin katanga, tsawonsa bai fi taku huɗu ba, wanda mai gidan na da ya cika da ruwa biyu. Shekarar farko na yi murna, don a Afrilu wurin ya yi kyau ƙwarai. A ƙarshen Mayu furen ya bushe, sai ganyen nan mai faɗi ya kwanta, ya yi rawaya, ya yi yauƙi, ya danne duk ƙananan shuke-shuken da na dasa a tsakani. Da na ɗaga shi, abin da ke ƙasa ya yi fari fat don rashin rana, katantanwa sun yi sansani a jiki. Zuwa Yuli ganyen ya ɓace gaba ɗaya, fangalin ya zama fili, kamar ba a taɓa shuka komai ba.

Da na ce bari in tone, sai na gane inda gizo ke saƙar. Albasar bulubel fara ce sul, ba ta da busasshen ɓawon nan na albasar miya, kuma tana da wata irin saiwa da ke tsukewa tana jan ta ƙasa shekara bayan shekara. Ka binne ta kusa, ita za ta nutsa da kanta. Na sa shebur mai yatsu har ƙarshen haƙoransa, na ja ganye, sai ya tsinke a hannuna, farin karansa ya fito, albasar tana can ƙasa ko gezau. Waɗanda na samu kuwa kowace uwa da 'ya'ya manne a gindinta, wasu ba su fi ƙwayar shinkafa ba, in ka girgiza ƙasar sai su zube su koma. Wasu sun kutsa cikin saiwar wata bishiyar fure da ke wurin, ba yadda za ka cire su sai ka tumɓuke ta. Na cika bokiti biyu na ɗauka an gama. Watan Fabrairu na zagayowa sai ga koren tsinke ko'ina, kamar an watsa allurai.

Ta hanya biyu yake yaɗuwa, ta 'ya'yan albasa a ƙasa da ta iri a sama. Kowace ƙararrawa in ta bushe takan bar kwanso mai ɗaki uku cike da baƙaƙen ƙwayoyi, su zube kewaye da uwar. Ƙwayar da ta tsira tana ɗaukar wajen shekara biyar kafin ta yi fure, kuma a shekarun farko ganyenta kamar zaren ciyawa yake, ba ka ma lura da shi. Ke nan abin da kake gani yana fure yau, akwai na shekaru huɗu masu zuwa a layi a bayansa.

Kada a ɗora wa baƙo laifin shi kaɗai. Ɗan gida ma in ya samu wurin da ya yi masa, inuwa da ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen ganye, yakan bazu ta iri har ya zama ciyawa, kuma ƙungiyar masu lambu ta RHS duka biyun take lissafawa a cikin furannin da kan gagari mai lambu. Bambancin na ƙarfi ne da na zaɓen wuri. Ɗan gida mai tsirfa ne: ba ya son rana tsaka, ba ya son ƙasar da ke bushewa ƙayau, in aka taka ganyensa yakan ɗauki shekaru bai farfaɗo ba, kuma siririn ganyensa ba ya danne maƙwabta sosai. Baƙon da ruwa biyun ba ruwansu. Rana, inuwa, laka, tsakuwa, tsagar daɓe, gindin shinge, duk gida ne. Samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama. Wannan juriyar ce ta sa aka so su tun farko, don mai lambun da komai ke mutu masa in ya binne su ba zai ji kunya ba.

A cikin kurmi

Tsoron ɓata daji ya yi ƙarfi ne bayan wani bincike da ƙungiyar kare tsirrai ta Plantlife ta gudanar a 2003 da taimakon jama'a, inda aka samu baƙon ko ruwa biyun a kurmi ɗaya cikin kowane shida na itatuwa masu faɗin ganye da aka duba. Hankali ya tashi, kuma da dalili. Ga Turawan Birtaniya wannan furen kamar tuta ne, kuma yawansa a wuri na daga cikin alamomin tsohon kurmi, wanda a Ingila ake nufin wanda yake tsaye tun shekarar 1600 ba a share shi ba. Abin da ake gudu shi ne jinin baƙon ya riƙa shiga a hankali har wata rana a wayi gari ba sauran ɗan gida tsantsa, sunkuyon da ƙamshin duk sun tafi.

Binciken da ya biyo baya, musamman na masanan lambun binciken tsirrai na Edinbura, ya rage zafin abin. A wani nazari da aka buga a 2009 kan kudancin Sikotland, kusan 99 cikin ɗari na bulubel ɗin da aka ƙirga 'yan gida ne, baƙin kuma sun taru ne a kusa da gidaje da bakin hanya. A 2019 aka nuna cewa in aka haɗa su wuri ɗaya, ɗan gida ya fi yin iri mai tsira, garin furensa ma ya fi na ruwa biyun inganci. A 2023 kuma gwajin ƙwayoyin halitta ya samu jinin baƙon a kusan biyu cikin ɗari kacal na samfuran da aka ɗebo daga asalin mazaunin ɗan gida. Wannan binciken ne ma ya nuna cewa kakannin abin da ake ta kira na Sifaniya daga Fotugal aka kwaso su, an dai yi shekaru ana zagin wanda bai ci ba.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne, a tsakiyar babban kurmi ɗan gida yana riƙe da gidansa. Inda matsalar take shi ne gefe: ƙaramin kurmin da unguwa ta zagaye, shingen da ke bayan gidaje, bakin rafi, gefen maƙabarta. Kuma ba da ƙafarsa baƙon ke zuwa can ba. Irinsa mai nauyi ne, iska ba ta ɗaukarsa, kusa da uwar yake faɗuwa. Mutum ne ke kai shi. Wanda ya gaji da shi ya tone, ya zuba a baro, ya tura bayan danga ya kife, yana ganin ai ganye ne zai ruɓe. Albasar ba ta ruɓewa. Shekara mai zuwa ta yi fure a bakin kurmin, ƙudan zuma su ƙarasa aikin.

Doka ma ta raba su. Ɗan gida yana da kariya a ƙarƙashin dokar kare namun daji da karkara ta 1981: laifi ne ka tone shi a daji ba da izinin mai fili ba, kuma tun 1998 an hana cinikin wanda aka kwaso daga daji, ko da mai filin ne ya tone don sayarwa. Baƙon kuwa halal ne ka saya ka shuka a lambunka a Ingila da Wels, ba ya cikin jadawali na 9 na tsirran da dokar ta hana a bari su bazu. A Sikotland doka ta hana shuka duk wani baƙon tsiro a daji, a Ailan ta Arewa da Jamhuriyar Ailan kuma an ambaci na Sifaniya da sunansa a jerin masu mamaya. Kife sharar lambu a filin da ba naka ba kuwa laifi ne mai zaman kansa ko'ina a ƙasar.

Tun da ana maganar jadawali na 9, akwai wani da ke shiga rigar farin bulubel yana yaudarar mutane: Allium triquetrum, ɗan uwan tafarnuwa daga yammacin Bahar Rum. Furensa fari ne mai koren layi a kowane ɓangare, karansa kusurwa uku gare shi in ka murza a yatsa, kuma warin tafarnuwa zai tona masa asiri nan take. Shi yana cikin jadawalin tun 2010, ya cika gefen hanyoyin Konwal da Debon a kudu maso yammacin Ingila, tururuwa ke ja masa iri suna rarrabawa. In maƙwabci ya miƙo maka dunƙulen "farin bulubel" ta kan katanga, ka shinshina kafin ka yi godiya.

To wanne?

In lambun sabo ne kuma zaɓi na hannunka, ban ga dalilin sayen na Sifaniya ba. Abin da yake ba ka, wato fure mai girma na mako uku, bai kai abin da zai karɓa ba. In kana da inuwar bishiya mai zubar da ganye da ƙasa mai laima, ɗan gida ne naka: ka binne shi zurfin wajen santimita goma a kaka, ko ka sayi wanda ake sayarwa da ɗanyen ganyensa a lokacin fure, wanda sau da yawa ya fi saurin kamawa. Ka nemi tabbacin cewa nomansa aka yi, ba daga daji aka kwaso ba. Ka karanta sunan Latin, kada ka tsaya a hoto. In ka ga hispanica, ko tsofaffin sunayensa Scilla campanulata da Endymion hispanicus, ko sunayen kasuwa irin su Excelsior da White City, baƙo ne. Jakar da aka rubuta mata bulubel kawai, ko aka ce launi gauraye, ajiye ta. Ko wadda aka rubuta non-scripta ma, sai ta yi fure ka leƙa garinta za ka tabbatar, don an sha sayar da ruwa biyu da sunan ɗan gida.

In lambun rana ne tsantsa, ɗan gida zai wahala ya wahalar da kai. Shuɗin da kake nema a Mayu za ka same shi a Camassia, 'yar Arewacin Amurka, doguwa, mai son ƙasa mai laima, wadda ba ta barbara da bulubel. Wasu kan koma ga Muscari armeniacum, mai kama da ƙaramin nonon inabi, amma shi ma gwanin watsa iri ne, kuma tun kaka yake fito da dogon ganye ya yi ta yamutsi har bayan hunturu. An gudu ba a tsira ba.

In gādon baƙon ko ruwa biyun ka yi kamar ni, nisanka da kurmi ne zai yanke hukunci. Wanda ke tsakiyar Landan ko Bamingam, gidaje ta ko'ina, kowane maƙwabci da nasa ruwa biyun, tone nasa ba zai ceci wani daji ba. In yana son furen ya bar shi, sai dai ya yanke kawunan da zarar sun fara bushewa kafin kwanson ya fashe, ya kuma riƙa rage gefen dunƙulen duk shekara. Kuma kada ya ɓata kuɗinsa ya dasa ɗan gida a gefensu yana fatan tsantsa: uwayen za su zauna yadda suke, amma ba shi da tabbas a kan 'ya'yan da za su tsiro daga iri. Wanda kuwa bayan katangarsa kurmi ne ko tsohon shinge mai ɗan gida, shi ba shi da uzuri, ya tone.

Tonon yana da lokaci. Ka yi shi ganyen na tsaye, don shi ne zai nuna maka inda albasar take. In ya ɓace sai lalube. Ka shiga da shebur daga gefe, ka nutsa shi fiye da yadda kake zato, ka ɗago dunƙulen ƙasar gaba ɗaya ka farfasa a kan buhu ko leda, kana tsince farare har ƙanana. Sa safar hannu, don ruwan jikinsa mai yauƙi ne kuma yakan sa wasu ƙaiƙayi. Wannan yauƙin ne mutanen zamanin da suke manna gashin kibiya da shi, suke kuma manne littattafai. Maganin kashe ciyawa kusan asarar kuɗi ne a kansa, ganyen santsi gare shi, albasar kuma tana da ajiyar da za ta sake tsirowa. Inda shebur ba ya shiga, kamar cikin saiwar bishiya, sai ka riƙa tsinke ganyen duk sanda ya leƙo har yunwa ta kashe ta, kuma wannan aikin shekaru ne.

Abin da ka tono kada ya shiga ramin takinka, in ba haka ba da hannunka za ka rarraba shi duk lambun. Ka ɗaure shi a baƙar leda mai kauri, ka jefa wani lungu ya shekara, sai ya zama ruɓaɓɓen abu kafin ka zubar. Ka kuma nisanta shi da kicin da yara da karnuka, domin duka bulubel ɗin ukun dafi gare su daga fure har albasa, irin dafin da ke taɓa bugun zuciya, kuma farar albasar da koren ganyenta a cikin bokiti ba ta da maraba da albasa mai lawashi. Ni ledata ta shekarar farko na buɗe ta bayan wata takwas don in gani, na tarar uku daga ciki sun fito da farin tsiro a cikin duhu, na mayar na ɗaure.